Me masu sha'awar jirgin ƙasa a Ingila suke yi ranakun Asabar da Lahadi?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Birmingham. Mai gidan da nake haya dattijo ne, ya yi ritaya daga aikin banki. Duk Asabar tun kafin asuba zai fita, sai yamma liƙis ya dawo baƙi ƙirin da toka da baƙin mai, ya ce daga wajen jirgi yake, kuma ko sisi ba a biyan sa. Na kuma sha ganin wasu a ƙarshen dakalin tasha, cikin sanyi, da ɗan littafi da kyamara, suna rubuce-rubuce duk jirgin da ya wuce. Don Allah me waɗannan mutane suke yi, kuma me suke samu?

Amsa: Ɗan'uwa, mai gidanka lafiyarsa ƙalau. Yana cikin mutum wajen dubu 22 da ke aikin sa kai a tsofaffin layukan dogo na Birtaniya. Ni aikin injuna na karanta, kuma na daɗe ina cuɗanya da irin waɗannan mutane a wani layi na tsakiyar Ingila, don haka abin da zan faɗa maka na gani da idona, wani ma na yi da hannuna. Wanda ya dawo da toka da wanda ke tsaye da littafi ba sana'arsu ɗaya ba, ko da yake ciwonsu ɗaya ne. Akwai ma kashi na uku da ba ka gani ba, domin su a cikin ɗaki suke nasu. Bari in fara da mai gidanka, don nasa aikin ya fi nauyi.

Sai ka san yadda aka yi layin dogo ya faɗo hannun 'yan sa kai kafin ka gane ranar Asabar ɗinsa. A ƙasar Wales akwai wani ɗan siririn layi mai suna Talyllyn, tsawonsa mil bakwai da 'yan kai, wanda aka shimfiɗa tun shekarun 1860 don jigilar dutsen rufin ɗaki. Mai shi, Sir Henry Haydn Jones, ya rasu a 1950, kowa ya ɗauka layin ya bi shi. Sai wasu mutane, a ƙarƙashin wani injiniya marubuci Tom Rolt, suka yi taro a nan garin da kake, Birmingham, suka ce su za su riƙe shi. A watan Mayu na 1951 suka tayar da jirginsu na farko. Shi ne layin dogo na farko a duniya da 'yan sa kai suka ceto suka ci gaba da gudanarwa. A 1960 layin Bluebell da ke kudancin Ingila ya biyo baya da manyan jirage. Daga nan gwamnati ta buɗe musu ƙofa ba da niyya ba: rahoton Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasa, na 1963 ya ba da shawarar rufe wajen mil 5,000 na dogo da tashoshi sama da 2,300, sannan a watan Agusta na 1968 hukumar jiragen ƙasa ta daina amfani da injin tururi a manyan layukanta. Injuna dubbai aka sayar wa 'yan gwangwan aka yanka. Wani dillalin ƙarfe a garin Barry, Dai Woodham, ya ga yankan tsofaffin taragu ya fi masa sauƙi da riba, sai ya ajiye kawunan jirgin a fili suna tsatsa. Cikin 297 da ya saya, 213 ƙungiyoyi suka zo suka fanshe su ɗaya bayan ɗaya. Akwai yiwuwar injin da mai gidanka ke gogewa ya taɓa kwana a wannan fili shekara da shekaru.

To, ranar Asabar a gaskiya tun daren Juma'a take farawa. Injin tururi ba a tayar da shi da makulli. Babbar tukunya ce ta ƙarfe cike da ruwa, da murhu a bayanta, wanda a yawancin injunan Ingila cikinsa na jan ƙarfe ne. Ƙarfe da jan ƙarfe ba sa buɗewa daidai da juna idan sun ji zafi. In ka gaggauta wuta, sai bututu da ƙusoshin da ke riƙe da murhun su takura su fara yoyo, gyaran kuwa kuɗi ne masu yawa. Saboda haka wani zai zo da yammacin Juma'a ya kunna 'yar ƙaramar wuta, ya bar tukunyar tana ɗumi a hankali har gari ya waye.

Da misalin ƙarfe biyar ko shida na safe mai goge-goge zai iso. Abu na farko da aka koya masa, kafin ya taɓa ashana, shi ne ya duba gilashin da ke nuna yawan ruwa a tukunya. Wuta a ƙarƙashin tukunyar da ruwanta ya yi ƙasa ita ce babbar masifar wannan sana'a. Sai ya leƙa murhu da tocila ko akwai ɗigo, ya kwashe tokar jiya, ya shimfiɗa kwal, ya ɗora fasassun katakai, ya jiƙa tsumma da kananzir ya cinna, ya tura ciki a kan shebur. Daga nan sai jira, awa uku, awa huɗu, wani lokaci fiye, gwargwadon girman injin da sanyin garin. Jiran ba na zama ba ne. Ana goge jikin injin da tsumma da mai, ana wanke ƙafafunsa, ana goge tagulla har sai mutum ya ga fuskarsa. Shi kuma direba ya shiga ramin da ke ƙarƙashin injin da butar mai, yana bin wuraren zuba mai ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka kai gommai, yana duba kowane noti da kowane lagwanin ulu da ke tsotso mai zuwa inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Mai banki mai ritaya, likita, direban bas, ɗan makarantar sakandare, duk a ramin nan za ka same su, kuma ba ka bambance su sai sun yi magana.

Akwai tsani a aikin, kuma ba a tsallake shi. Kamar dai yadda yaron mota ke shekaru yana wanke mota da ɗaure kaya kafin a ba shi sitiyari, haka mai goge-goge ke shekaru kafin a bar shi ya zama mai wuta, mai wuta kuma ya ƙara wasu shekarun kafin ya zama direba. A kowane mataki akwai jarrabawar dokokin layi, da gwaji a aikace a gaban sufeto, da duba lafiyar ido da kunne. Hukumar gwamnati da ke sa ido a kan manyan kamfanonin jirgi ita ce dai ke sa ido a kan waɗannan, kuma galibinsu ba a yarda su wuce gudun mil 25 a awa ba. Wanda ya zo da taƙamar digirinsa na injiniya tsumma za a miƙa masa, kuma a ganina daidai ne, domin littafi ba ya koya wa mutum jin ƙarar da injin ke yi idan wani abu ya fara kwancewa.

Wajen ƙarfe takwas, idan allurar tururi ta fara ɗagawa, ake yin abin da kowa ke ba da labarinsa: karin kumallo a kan shebur. A wanke shebur ɗin kwal da ruwan zafi na injin, a zuba mai, a fasa ƙwai, a sa yankan nama, a tura bakin murhu na ɗan lokaci. Abin dariyar da ba ya tsufa shi ne wani ya buɗe bututun da ke jan iska ta cikin wuta a daidai lokacin, sai ƙwai da nama su tashi su shige murhu, mai shebur ya tsaya riƙe da shebur wayam.

Aikin mai wuta ne ya fi burge ni cikin duka, kuma shi mutane suka fi rainawa, suna ɗauka watsa kwal ne kawai. Ƙa'idar ita ce kaɗan-kaɗan, a kai a kai, kuma kowane shebur da inda ake so ya sauka: kusurwoyin baya, gefe, can gaba. In ka bar rami a cikin wutar, iska mai sanyi za ta shigo ta nan tururi ya faɗi. In ka cika, wutar ta shaƙe. Hayaƙi ne ke tona asiri: baƙi ƙirin yana nufin kwal na fita ta bututu ba tare da ya ƙone ba, mai ruwan toka-toka shi ake so. Sannan wutar da ka zuba yanzu sai bayan 'yan mintoci take ba da zafinta, don haka dole ka san hanya a ka, ka shirya wa hawa tun kana gangare. Wanda ya makara, jirgi zai tsaya a tsakiyar tudu ana jiran tururi, fasinjoji suna leƙe ta taga. Wanda ya yi azarɓaɓi, injin zai iso tasha yana fesar da tururi ta bawul ɗin kariya da ƙara mai toshe kunne, yara suna kuka, tsofaffin ma'aikata suna girgiza kai. Duka biyun za a yi ta yi masa tsiya a ɗakin shayi har wata guda. Ga kuma na'urar da ke tura ruwa cikin tukunya da ƙarfin tururi, wadda in ta yi zafi sai ta ƙi aiki, sai an kwara mata bokitin ruwan sanyi ta dawo hayyacinta.

A can gefe kuma akwai ɗakin sigina, wanda duniya ce ta daban. Mutum ɗaya ne a ciki da jerin manyan sandunan ƙarfe da yake ja don juya hanya da ɗaga alamu. Ba ya kama su da hannu tsirara, sai da ƙyalle, don gumin hannu na sa su tsatsa, kuma a ɗakuna da yawa baƙo ba ya taka daɓen da takalmin waje. Da ƙararrawa yake magana da maƙwabcinsa na tasha ta gaba: bugu uku, ɗan tsai, bugu ɗaya, yana tambaya ko hanya a buɗe take ga jirgin fasinja na yau da kullum, bugu biyu, jirgi ya shigo, biyu da ɗaya, jirgi ya fita lafiya. Tun da yawancin layukan nan hanya ɗaya ce, jirgi ba ya shiga tsakanin tasha da tasha sai direba na riƙe da wata alamar ƙarfe mai ɗauke da sunan wannan yanki, kuma na'urar ba ta sakin biyu a lokaci guda. Za ka ga ana miƙa ta a cikin zobe mai faɗi jirgi na tafiya a hankali, mai wuta ya karanta sunan da ƙarfi, direba ya duba da idonsa. Wannan karantawar tana da dalili. A Abermule, a Wales, a watan Janairu na 1921, an miƙa wa wani direba alamar yankin da ya baro, bai duba ba, jirage biyu suka yi taho-mu-gama, mutum 17 suka mutu. Har yau da wannan labari ake horar da sababbi.

Ba kowa ne ke kusa da injin ba, kuma in da za a yi adalci, waɗanda ba a ɗaukar hotonsu su ne ke riƙe da layin. 'Yan gyaran hanya suna fita cikin ruwa da laka, suna canza katakon da dogo ke kwance a kai, suna shafa giris a mahaɗar ƙarfe, suna sare ƙaya, suna yashe magudanar ruwa. Babban aikinsu a Janairu da Fabrairu ne, lokacin da jirage ke hutu, wato lokacin da sanyi ya fi tsanani. Magudanar ruwa kuwa ba abin wasa ba ce: a watan Yuni na 2007 ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya lalata layin Severn Valley a wurare sama da 40, sai a shekara ta gaba aka iya buɗe shi gaba ɗaya. Akwai masu aikin kafinta da ke shekara biyar a kan tarago ɗaya, akwai masu ɗinkin kujeru, masu shuka furanni a tasha, masu sayar da tikitin kwali irin na da, da masu dafa shayi da yanka kek.

Kada ka raina masu shayin nan. Kowace tukunyar injin sai an kwance ta an yi mata babban bincike duk bayan kimanin shekara goma, kuma gyaran babban injin guda yana cin dubban ɗaruruwan fam. Shahararren injin nan Flying Scotsman, wanda aka ƙera a Doncaster a 1923, gyaransa na ƙarshe mai girma ya ci shekara goma da sama da fam miliyan 4 kafin ya dawo hanya a 2016. Kuɗin tikitin masu sha'awar jirgi zalla ba zai biya wannan ba. Iyalai masu yara, da cinikin ɗakin shayi, da jiragen watan Disamba da ake shirya wa yara don Kirsimeti, su ke cike giɓin. Shi ya sa za ka ga dattijon da ya san sunan kowane noti a jikin injin ya sa jar hula yana raba wa yara kyauta, yana ƙunƙuni amma yana yi.

Ƙunƙuni kam akwai shi. Ɗakin shayin ma'aikata majalisa ce, kuma ba a rasa abin musu. Wane fenti za a yi wa injin, koren kamfanin da ya ƙera shi ko baƙin da ya sa a ƙarshen aikinsa? Na ga abokan shekara talatin sun daina gaisawa a kan wannan. Masu tururi suna kallon masu injin dizal a matsayin 'yan baya-bayan nan, masu dizal suna cewa in injin tururi ya ƙi tashi ai su ake kira. Matasa na cewa kwamiti ya tsufa, kwamiti na cewa matasa ba su san nawa ake sayen tan ɗin kwal ba. Akwai kuma wani nau'in mutum da ba ya ɗaukar tsumma, amma zai zo ya tsaya ya gaya maka cewa a 1957 wannan injin ba da irin wannan fitilar yake yawo ba. Yawanci gaskiya yake faɗa, abin da ke ƙara ba da haushi ke nan.

Da yamma, bayan fasinja sun watse, aikin da ya fi ƙazanta ke jira. A zubar da wuta, a kwashe toka mai zafi daga ƙasa, a buɗe ƙofar gaban injin a ɗebe garin gawayin da ya taru, a cika tukunya da ruwa, a ɗaure birki. In iska na kaɗawa, rabin tokar a jikin mutum take ƙarewa. Daga nan mai gidanka yake zuwa maka.

Su kuwa na ƙarshen dakali, nasu ya fi sauƙin bayani. Kowane kan jirgi yana da lamba, kuma burin shi ne mutum ya ga kowanne da idonsa. Abin ya bunƙasa ne daga 1942, lokacin da wani matashin akawu a kamfanin jirgi na kudu, Ian Allan, ya gaji da amsa wasiƙun masu tambayar lambobin injuna, ya buga ɗan littafi mai jerin su duka. Yara suka yi ta saye, duk wanda suka gani su ja masa layi da rula. Waɗancan yaran su ne tsofaffin da kake gani yau a Crewe ko Doncaster ko York da fulas ɗin shayi, ga jikokinsu kuma da waya suna ɗaukar bidiyo don YouTube. Yanzu akwai shafuka irin su Realtime Trains da ke nuna inda kowane jirgi yake, don haka zaman jiran tsammani ya ragu, wasu tsofaffin ma na cewa daɗin ya ragu tare da shi. Abin da ke tayar da su tsaye shi ne baƙon abu: tsohon injin dizal na shekarun 1960 da har yanzu ke jan kaya, ko sabon jirgi da ake gwaji, ko wani da aka yi wa fenti na daban. Wasu kuma ba gani suke tarawa ba, tafiya suke tarawa, suna lissafin mil nawa wane injin ya ja su.

Masu hoto su ne suka fi shan wahala a banza. Mutum zai yi tuƙin awa uku zuwa gadar Ribblehead mai baka 24 a kan layin Settle zuwa Carlisle, ya hau tudu, ya kafa kyamara, rana na haskawa tas, sai jirgi ya doso gajimare ya rufe ta, ya wuce kuma ta buɗe. Suna da ladabinsu: wanda ya riga zuwa shi ke da wuri, ba a shiga gaban layin masu kyamara, ba a surutu idan masu ɗaukar sauti sun kunna. Amma a nan ne kuma ake samun masu ɓata wa sauran suna. Ranar da Flying Scotsman ya yi tafiyarsa ta dawowa daga Landan zuwa York a Fabrairun 2016, sai da aka tsayar da jirage kusa da St Neots saboda mutane sun tsallaka shinge sun tsaya a kan hanya. Tarar shiga layin dogo ba izini tana kai wa fam 1,000, kuma ni ban ga laifin hukuma ba ko kaɗan.

Kashi na uku su ne masu ƙananan jirage na lantarki, waɗanda ke gina gari guda a kan tebur, da tasha da gada da shanu a makiyaya. Ma'aunin da ya fi yawa a Ingila shi ne OO, inda komai ya ƙanƙance sau 76, kuma kamfanoni irin su Hornby da Bachmann da Peco ke sayar da kayan. Akwai wata tsohuwar matsala a cikinsa da ke ba su abin musu har gobe: faɗin hanyar milimita 16.5 ne, wanda ya dace da ma'aunin HO na sauran duniya, mai ƙanƙancewa sau 87. Asalin abin, injunan Ingila ƙanana ne a jiki, na'urorin lantarkin da ke juya ƙafafun ƙananan jiragen a wancan zamani ba sa shiga cikinsu, sai aka ƙara girman jikin aka bar hanyar yadda take. Waɗanda abin ke ci wa rai suna shimfiɗa tasu hanyar da hannu a kan milimita 18.83, su canza wa kowane tarago ƙafa. Ƙarshen makonsu na baje koli ne a zauren makaranta ko na unguwa: a loda tebura a mota ranar Juma'a, a haɗa wayoyi har dare, sannan jirgin da ya yi wata shida yana tafiya lafiya a gida ya zaɓi lokacin da 'yan kallo suka taru ya sauka daga hanya. Sau da yawa laifin datti ne a kan dogon, kuma maganinsa tsumma, kamar dai na manyan.

A watan Mayu na 2019 wasu matasa suka fasa zauren da ƙungiyar Market Deeping ta shirya baje kolinta a garin Stamford, cikin dare, suka farfasa aikin da wasu suka yi shekaru suna yi. Ƙungiyar ta nemi taimakon fam 500. Abin da aka tara ya wuce fam 100,000, ciki har da fam 10,000 daga mawaƙi Rod Stewart, wanda shi ma ya shafe sama da shekara 20 yana gina nasa garin na ƙananan jirage.

Ba zan ɓoye maka ba, abin yana fuskantar matsi. Mahaƙar Ffos-y-fran da ke kudancin Wales, wadda layuka da yawa suka dogara da kwal ɗinta, ta rufe a ƙarshen 2023, yanzu sai na ƙasashen waje mai tsada ko wanda aka sarrafa, kuma kowane iri da halinsa a murhu. Bazara mai fari, irin ta 2018 da 2022, tana tilasta ajiye injin tururi don tartsatsi na cinna wa gonaki wuta. Babbar damuwa kuma shekaru ne. Babban baje kolin ƙananan jirage na ƙungiyar Warley, wanda aka shafe wajen shekara 30 ana yi a Birmingham, masu shirya shi sun sanar a farkon 2024 cewa sun daina, kuma cikin dalilansu har da tsufan masu ɗaukar nauyin aikin. Duk da haka ban yarda da masu cewa abin ya mutu ba. Mutanen nan ne suka tara kuɗi kaɗan-kaɗan suka ƙera sabon babban injin tururi fil, Tornado, wanda aka gama a Darlington a 2008, ya kuma taɓa gudun mil 100 a awa a 2017.

Me suke samu? Kuɗi dai babu, su ke kashewa ma, don har kuɗin zama ɗan ƙungiya suke biya. Abin da na lura shi ne mutumin da ya yi shekara 40 yana tura takarda a ofis yana son aikin da zai ga sakamakonsa kafin rana ta faɗi: da safe ƙarfe ne mai sanyi, da hantsi yana jan tarago shida cike da mutane. Ga kuma abokai. A ƙasar da tsoho kan yi mako bai yi magana da kowa ba, wurin da ake jiran ka ƙarfe shida na safe, a kuma kira ka a waya in ba a gan ka ba, ba ƙaramin abu ba ne. Sannan sana'ar kanta, ta ƙera tukunya da sarrafa wuta, ba a cika koyar da ita yanzu ba sai a irin waɗannan rumfuna, daga hannu zuwa hannu.

Tun da a Birmingham kake, kana tsakiyar abin. Daga tashar Snow Hill ko Moor Street jirgi zai kai ka Kidderminster, tashar Severn Valley na nan daf da inda za ka sauka, layin kuma mil 16 ne zuwa Bridgnorth. A cikin garinku ma akwai rumfar gyaran injunan tururi a Tyseley. In kana son abin da ya shafi yankinmu, je ka Welshpool a Wales. Ƙaramin layin da ke can ya sayo wani injin da taragu huɗu daga Saliyo a 1975, bayan an rufe layin dogon ƙasar. Faɗin hanyarsu ƙafa biyu da inci shida ne, daidai da na tsohon ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru don jigilar kuza, wanda aka rufe a 1957. Mu namu ba a samu masu fansar sa ba, sai dai a Legas akwai 'yan sa kai na ƙungiyar Legacy da ke kula da ɗan gidan tarihin reluwe a Jaekel House da ke Ebute Metta.

Mafi sauƙi dai, ka ce wa mai gidanka kana so ka bi shi wata Asabar. Zai yi murna fiye da yadda kake zato, don matasa suke nema ido rufe. Kafin a bar ka kusa da injin za a sa ka rajista, a yi maka bitar kiyaye haɗari. Ka nemi takalmi mai ƙarfe a baki, da kayan auduga waɗanda ba ka damu da su ba, ban da na leda, don suna narkewa a jiki in sun ji wuta. Ka tafi da abincinka, domin naman da ake soyawa a kan shebur ɗin nan galibi na alade ne, kuma hirar yamma a mashaya ake ƙarasa ta, amma ba wanda zai ga baƙinka in ka yi sallama a bakin rumfa. Ka gaya wa shugaban aikin ranar lokutan sallarka tun da safe, don a san inda kake, saboda a wurin da injuna ke motsi ba a son mutum ya ɓace ba labari. In za ka ƙetare hanya, ka tsallake dogon, kada ka taka kansa, yana da santsi, kuma kada ka bi ta tsakanin taragu biyu ko da a tsaye suke.